Na'urar Da Ake Dasawa A Ido: Abin Da Na Gaya Wa Kawu Kafin Ya Sayar Da Gona

Bidiyon bai fi minti biyu ba. Wata dattijuwar Baturiya ce sanye da baƙin tabarau, tana bin haruffa ɗaya bayan ɗaya a kan takarda, a ƙasa an rubuta wai makafi sun fara gani. Ya zagaye salular danginmu kaf, daga Maraɗi har Tasawa, kafin ya iso wurina ta hannun kawuna. Shi bai tsaya turo saƙo ba, kira ya yi bayan isha'i.

"Ɗana, ka ga abin nan? Ka bincika mini ƙasar da kuɗin. In gonar hanyar Madarumfa ce za ta tafi, ta tafi."

Na ce, "Kawu, ku ba ni mako biyu. Don Allah kada ku yi magana da dillali tukuna."

Babban ɗansa ne ke hana shi barci. Tun yana ƙaramin aji yake fama da dundumi, da magariba ta yi sai laluben bango. An ba shi hanta, an ba shi ƙwayar bitamin, shiru. Yanzu ya haura shekara 25, ganinsa ya tsuke ta gefe da gefe kamar mai leƙe ta cikin bututu. Yana karanta saƙo a salula in ya kawo ta daidai saitin idonsa, amma ba ya ganin akuyar da ke kwance kusa da ƙafarsa. Sunan ciwon a takardar likita rétinite pigmentaire, a littattafan likitanci kuma retinitis pigmentosa. Ni dundumin gado zan riƙa ce masa. A gidan akwai kakarmu, wadda ƙwayar idonta ta yi fari fat, ga kuma maƙwabcinsu, tsohon direban babbar mota, wanda idonsa garau yake kamar na kowa amma ko fitila ba ya gani. A lissafin Kawu, in na'urar ta yi wa ɗansa aiki, sauran biyun ma sun samu.

Abin da na tattara a makonnin nan shi ne wannan, kuma na rubuta shi ne don na san ba gidanmu kaɗai bidiyon ya shiga ba.

A ina wutar ta yanke?

Duk wanda ya taɓa haɗa sola a gida ya fahimci rabin maganar. Akwai gilashin saman faranti, akwai farantin kansa mai mayar da rana wuta, akwai wayar da ke sauko da wutar, sai talabijin a ɗaki. Ido ma kusan haka yake. Haske yana ratsa gaban ido da ƙwayar da ke bayansa, ya sauka a kan wani siririn tantani da ke shimfiɗe a bangon baya, wanda likitoci ke kira retina. A cikin tantanin akwai ƙwayoyin kama haske kusan miliyan 125. Su ne ke mayar da haske saƙon lantarki, su miƙa wa wasu ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da su, waɗannan su tura ta jijiyar ido, mai ɗauke da zare sama da miliyan ɗaya, zuwa can ƙeyar ƙwaƙwalwa inda ainihin gani yake.

Yanar ido ƙura ce ta rufe gilashi, faranti da waya lafiyarsu lau. Hawan jinin ido ɓera ne ya ci waya. Dundumin gado kuwa, da ciwon da ke cinye tsakiyar tantani a tsufa, faranti ne ya ƙone amma waya tana nan. Na'urar da ke cikin bidiyon ƙaramin faranti ce ake sakawa a madadin wanda ya ƙone. Ba ta share gilashi, ba ta ɗaure waya. Da wannan kaɗai kakarmu mai yana da direba mai hawan jinin ido sun fita daga layi, kuma ɗaya daga cikinsu fitarsa alheri ce, kamar yadda za mu gani.

Na'urori uku, biyu sun riga sun bar kasuwa

Wadda ta fi suna ita ce Argus II, ta kamfanin Second Sight na jihar Kalifoniya a Amurka. Jagoran aikin, Mark Humayun, likitan ido ne kuma injiniya, haifaffen Pakistan, kuma makantar kakarsa ce ta jefa shi wannan fage. An gwada samfurin farko a 2002 da ɗigon lantarki 16. Na biyun ya sami izini a Turai a 2011, a Amurka kuma a Fabrairun 2013. Ga yadda take: kyamara a jikin tabarau, ɗan akwatin kwamfuta a ɗamara, sai wani zobe da ake ɗaurawa a kewayen ƙwallon ido, da ɗan faifai da ake kafawa a saman tantani mai ɗigon lantarki 60, jeri 6 sau 10.

Sittin. In ka haɗa gurbin dara biyu, masu rami talatin-talatin, ka sami hoton duniyar mai Argus. Kowane rami ko dai ya haska ko ya yi duhu, da wannan zai gane ina ƙofa take, ina taga, ina farin layin gefen titi, ko akwai mutum a tsaye gabansa. Ba launi irin namu, ba fuska. Wanda ya fi kowa sa'a a gwajin, abin da mai lafiyar ido ke gani daga mita 60 shi sai ya matso mita ɗaya. Tun da kyamarar a tabarau take, juya ido ba ya amfani, kai ake juyawa ana sharar wuri kamar mai neman allura da tocila. Wanda ya shekara goma a duhu zai ce maka da babu gara ba daɗi, kuma gaskiyarsa. Wasu sun yi murna da ita ƙwarai. Wasu bayan 'yan watanni sun ajiye tabaran a aljihun tebur sun koma ga sandarsu, don gajiyar fassara walƙiya ta fi amfanin yawa.

Lokacin da take kasuwa, kuɗin na'urar kaɗai kusan dala 150,000 ne. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba; a kuɗinmu ya haura miliyan 80, ban da fiɗa, ban da horo. Mutum sama da 350 aka dasa wa. Sai a 2019 kamfanin ya daina ƙera ta, a Maris na 2020 ya sallami mafi yawan ma'aikatansa, a 2022 ya narke cikin wani kamfani. A shekarar ce mujallar injiniyoyi ta IEEE Spectrum ta bi sawun mutanen da aka bari da na'urar a ido: wanda akwatinsa ya lalace sai ya bi 'yan uwansa masu irinta yana neman tsohon kayan gyara, wani kuma likitocinsa suka so yi masa hoton ƙwaƙwalwa na MRI suka rasa wanda zai amsa musu daga kamfanin. Waɗannan mutanen Amurka da Turai ne, masu inshora da lauyoyi. Ka auna da mutumin Bagalam ko Soura Bildi.

Ta biyu 'yar Jamus ce, Alpha IMS, daga baya Alpha AMS, aikin Farfesa Eberhart Zrenner na jami'ar Tübingen. Ita a ƙarƙashin tantani ake zura ta, daidai gurbin ƙwayoyin da suka mutu, faɗinta milimita 3, da ɗigo 1,500 a ta farko, 1,600 a ta biyu. Ba ta bukatar kyamara, hasken da ya shigo ido shi take kamawa, don haka mutum idonsa yake juyawa kamar kowa. A takarda ta fi Argus nesa ba kusa ba, wasu ma sun karanta manyan haruffa da ita. Amma fiɗar doguwa ce, da waya da ake bi da ita ƙarƙashin fata har bayan kunne, kuma samfurin farko bai cika daɗewa a cikin ido ba. Kamfanin ya rufe a 2019. Darasinta ɗaya ne da zan riƙe: yawan ɗigo ba shi ne yawan gani ba, don tantanin da ya daɗe da ciwo ba ya amsa kowane ɗigo daban.

Ta uku ita ce ta bidiyon, sunanta PRIMA. Daniel Palanker na jami'ar Stanford ne ya ƙirƙiro ta, kamfanin Pixium Vision na Paris ya ɗauki nauyinta. A nan misalin sola ya daina zama misali, domin ita faranti ce ta gaske: milimita 2 a tsaye, 2 a kwance, kamar ƙwayar riɗi, kaurinta bai kai na gashin kai ba, da ɗigo 378. Ba batir a ido, ba waya. Kyamarar tabarau tana ɗaukar hoto, kwamfutar aljihu ta gyara shi, tabaran ya harba shi cikin ido da wani haske da idon mutum ba ya gani, farantin ya mayar da shi lantarki. Fiɗar ba ta kai awa biyu ba, ana kunna na'urar bayan kimanin wata guda, sannan a shiga watanni ana koyon gani da ita.

A Oktoban 2025 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga sakamakon gwajinta. Mutum 38 aka dasa wa a asibitoci 17 na Faransa, Jamus, Italiya, Holan da Ingila, ciki har da asibitin ido na Moorfields a Landan. Cikin 32 da aka auna bayan shekara guda, 26 sun sami ƙarin gani na a zo a gani, 27 kuma sun ce suna karanta haruffa, lambobi da kalmomi a gida. A allon awon ido, matsakaicin ƙarin ya kai layi biyar. Ba a taɓa samun irin wannan da wata na'urar ido ba, kuma ban ga dalilin rage mata daraja ba. Sai dai a karanta sauran shafin. Mutum 19 sun gamu da matsala mai tsanani, kamar hauhawar matsin ido, yagewar tantani ko zubar jini a ƙarƙashinsa, ko da yake mafi yawa sun warware cikin wata biyu. Ganin fari da baƙi ne. Karatun a hankali ake yinsa, da taimakon maɓallin ƙara girman rubutu. Shi ma Pixium ya durƙushe, sai a 2024 kamfanin Science Corporation na Amurka ya sayi aikin, kuma lokacin da sakamakon ya fito izinin sayarwa ake nema.

Babban abin da bidiyon bai faɗa ba shi ne su wa aka dasa wa. Dukkansu tsofaffi ne masu ciwon tsufan tsakiyar tantani, nau'in busasshe. Irin waɗannan ba sa cikin duhu ɗungurungum: gefe suna gani, suna yawo a gida, tsakiyar ce ta goge, sai su kalli fuskarka su ga kunnuwa ba hanci. PRIMA wannan ramin na tsakiya take cikewa. Ciwon ya fi yawa a Turawa, a cikinmu yana da sauƙi. Ɗan kawuna kuwa akasin haka yake, tsakiyarsa ce ke da rai, gefen ne ya tafi. Masu na'urar sun bayyana niyyar gwada ta a kan ciwukan gado, amma niyya daban, sakamako daban.

Ko da Argus tana kasuwa yau, ba za a dasa masa ba. Sharaɗinta shi ne mutum ya kai matakin da haske kawai yake bambancewa da duhu, ko ƙasa da haka, kuma ya kasance ya taɓa gani a rayuwarsa. Ɗan ganin da ya rage masa ta bututun nan ya ninka abin da ɗigo 60 za su ba shi sau da yawa. Saka masa ita zai zama garin neman gira a rasa ido.

Akwai masu tsallake ido gaba ɗaya su dasa a ƙwaƙwalwa, kuma su ne kaɗai za su iya zama labari ga irin direban nan wata rana. Na'urar Orion an gwada ta a kan mutum shida a Amurka. A garin Elche na Sifaniya, a 2018, an dasa wa wata tsohuwar malamar makaranta 'yan tsinkayen lantarki 96 a ƙwaƙwalwa na tsawon wata shida, ta iya bambance wasu haruffa, sannan aka cire. Kamfanin Neuralink na Elon Musk yana da tasa mai suna Blindsight. Duk a fagen gwaji suke, kuma ƙoƙon kai ake buɗewa. Duk wanda ya ce zai kai ka a yi maka wannan da kuɗinka, cinikin biri a sama yake yi da kai.

Allurar gado ta fi kusa da matsalar ɗan kawuna, don haka na ɗan tsaya a kanta. Luxturna ta sami izini a Amurka a Disamban 2017. Ana zuba ta a ƙarƙashin tantani, ta kai wa ƙwayoyin ido lafiyayyen kwafin ƙwayar gadon da ta lalace, kuma yaran da aka yi wa sun fi iya tafiya a wuri mai ƙarancin haske. Ta fi na'ura ta fuska ɗaya babba: farantinka na asali take ceto, ba na ƙarfe take ba ka ba. Amma ƙwayar gado ɗaya tak take gyarawa, mai suna RPE65, alhali dundumin gado yana fitowa daga ƙwayoyi fiye da 80, kuma masu wannan ɗin kaɗan ne ƙwarai a cikinsu. Dole a yi awon gado kafin a san ko mutum na ciki, dole kuma a sami sauran tantani mai rai. Farashin da aka sa mata dala 850,000 ne ido biyu, wajen rabin biliyan na sefa. Gonar hanyar Madarumfa ko da rijiyar mai a cikinta sai an yi ciniki.

Mu dawo gida

Ƙididdigar 2020 ta ce makafi miliyan 43 ne a duniya. A cikin masu shekara 50 zuwa sama, yana ta makantar da miliyan 15, hawan jinin ido miliyan 3.6, ciwon tsufan tantani miliyan 1.8. Dundumin gado kuwa kusan mutum ɗaya yake kamawa cikin 4,000. Maƙwabtanmu na Najeriya sun yi babban awo na ƙasa tsakanin 2005 da 2007, kuma tun da tsakaninmu da Katsina tafiyar kilomita 90 ce ta Ɗan Isa da Jibiya, alƙalumansu ba za su yi nisa da halinmu ba: kashi 43 cikin 100 na makanta daga yana, kusan 17 daga hawan jinin ido, kuma kashi 84 na makantar abin da za a iya karewa ne ko a warkar.

Ka ɗora aikin yana kusa da PRIMA ka gani. Aikin yana fiɗa ce ta minti ashirin zuwa talatin, allurar kashe zafi a ido kawai, a cire ƙwayar da ta yi fari a sa ta roba, washegari a kwance bandeji. In bayan idon lafiya yake, mutum zai ga launi, ya ga fuska, ya zura zare a allura da taimakon tabarau. Ba caji, ba kamfanin da zai rufe ya bar ka. Ana yi a nan Maraɗi, a asibitin ido na Makka da sashen ido na manyan asibitocin gwamnati, ana yi a Yamai, ana yi a asibitin ido na ECWA da ke Kano, kuma lokaci-lokaci ƙungiyoyi kan zo su yi kyauta. Kuɗin ragon layya ya isa ya biya. Babu na'urar lantarki a duniya da ta kama ƙafar wannan aikin wajen mayar da gani, amma shi ba a yi masa bidiyo.

Abokin hamayyarsa a ƙauyukanmu ba Turai ba ce, mai tsinke ne, wanda ke yawo kasuwa-kasuwa yana soka ido ya tura yanar ta faɗa ciki. A take haske kan shigo, jama'a su yi kabbara, shi kuma ya karɓi kuɗinsa ya wuce kasuwa ta gaba kafin kumburi ya fara. Awon Najeriyar nan ya gano cewa cikin idanun da aka taɓa saboda yana, kusan kashi 43 masu tsinke ne suka taɓa su, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanun ba sa gani. Kakarmu ta shekara uku tana ƙin asibiti don wata ƙawarta da aka yi wa haka ta rasa idon gaba ɗaya. A wurinta duk taɓa ido ɗaya ne.

Na direba ya fi ciwo. Hawan jinin ido ya fi kama baƙar fata, ya fi saurin farawa, ya fi saurin cinyewa, kuma galibi ba ya zafi. Daga gefe yake sata, mutum bai farga ba sai ya fara karo da babur. Abin da ya ci ya ci. Maganin ɗigawa irin su timolol, ko hasken leza, ko fiɗa, duk tsare abin da ya rage suke yi. Shi nasa ya ƙare, amma ciwon na bin jini, don haka amfanin da zai yi wa gidansa shi ne ya tura 'ya'yansa da ƙannensa duk wanda ya kai 40 a auna matsin idonsa a duba jijiyar, ko da yana ganin ƙwayar gero a ƙasa. Ina ƙara jan kunne a kan maganin ɗigawa na tebur da ake saya don jan ido ko ƙaiƙayi: da yawa suna ɗauke da sinadarin dexamethasone, yawan ɗiga shi yana tayar da matsin ido.

Amosanin ido kuwa mun san shi a jihohin Maraɗi, Damagaram da Difa: gashin ido ya juya ciki yana kartar gaban ido har ya yi hakiya. An rage shi sosai da rabon maganin azithromycin da wanke fuskar yara, kuma gyaran fatar idon ƙaramin aiki ne da ake yi ko a asibitin karkara. Mai ciwon suga da mai sikila su ma bayan idonsu na cikin haɗari, maganinsu awo ne a kan lokaci, sai leza ko allura. Dundumin yaro ko mai ciki wanda rashin bitamin A ya kawo, shi hanta da zogale da mangwaro da ƙwayar asibiti suna kore shi. Wanda ya ƙi jin waɗannan, ko aka ga ya kama 'yan ɗaki ɗaya biyu ko uku, shi ne abin kai wa likita. Akwai nau'in dundumin gado da ya fi fitowa a auren zumunci, kuma kawuna da matarsa 'ya'yan wa da ƙani ne. Ban faɗi haka don a zargi kowa ba, sai don masu shirin haɗa yara a gidan da ciwon ya taɓa bayyana su nemi shawarar likita tukuna.

To shi ɗan kawun fa?

A gabansa hanya biyu ce ta gaskiya, na'ura ba ta ciki. Ko a zauna jiran Turai, ko a kama abin da ke hannu. Na jiran yana da tsadar da ba a lissafawa. A ce ma gobe an ce ya cancanta: ga biza, ga jirgi, ga masauki na watanni shi da ɗan rakiya, domin horon ya fi fiɗar tsawo, ga komawa duba lokaci-lokaci. Ya dawo Maraɗi da tabarau mai kyamara cikin ƙurar hunturu da zafin bazara, da akwatin da ke son caji kullum a garin da wuta ke ɗaukewa. Ranar da wani abu ya tsinke, mai gyaran salula na bakin kasuwa ba zai taɓa ba. Kowane dillalin asibitin waje da ya zo maka da wannan magana, tambaye shi sunan na'urar da sunan ciwon da aka yi ta dominsa, wace hukuma ta ba ta izini, mutum nawa asibitin ya yi wa, wa zai gyara bayan shekara goma, wa zai biya in za a cire. Ka kuma lura ko ya nemi ganin hoton bayan idon kafin ya faɗi kuɗi. Wanda ya yanka maka farashi bai ga awo ba, gonarka yake kallo.

Abin da ke hannu ba shi da ƙyalli, amma yana da yawa. Masu dundumin gado sukan yi yana da wuri, cire ta kan ƙara musu haske. Wani lokaci ruwa kan taru a tsakiyar tantanin, hoton bayan ido da ake kira OCT yana nuna shi, kuma akwai magani. Don haka awon bayan ido, wanda za ka ga an rubuta fond d'œil a takarda, ya zama na kowace shekara. Da yawansu suna riƙe ganin tsakiya shekaru masu yawa. Tabarau mai rage ƙyallin rana, tocila mai ƙarfi bayan magariba, da kuma sanda.

A kan sandar nan muka fi daɗewa da Kawu, don a kunnensa sanda bara ce. Ban ga laifinsa ba, abin da ya tashi yana gani ke nan a ƙofar masallacin Juma'a, makaho da ɗan jagora da ƙoƙo. Amma farar sanda da aka koyi riƙonta tana gaya wa mutum rami da dakali da kwata, abin da ɗigo 60 ba su iya tabbatar masa ba, shi ya sa masu Argus ɗin ma ba su yar da tasu ba. Rubutun makafi da Louis Braille ya tsara a Faransa yana saurayi, ɗigo shida kacal, da shi ake karatu har jami'a, akwai Alƙur'ani da shi, kuma a Yamai akwai makarantar makafi ta Soly Abdourahamane. Salular da ke aljihunsa tana da TalkBack mai karanta masa allo da murya. Manhajar Lookout ko Seeing AI tana karanta takarda ta kyamara, Be My Eyes kuma tana haɗa shi da mai ido ya duba masa abu. Sun fi jin Faransanci da Turanci a kan Hausa, wannan gaskiya ne, amma shi ya yi makaranta. In karatu ne ma'auni, salular jaka hamsin ta fi PRIMA sauri. Abin da ba za ta ba shi ba shi ne ya ga harafin da idonsa, kuma ban raina wannan ba. Lokacin koyon duk waɗannan shi ne yanzu da sauran gani, ba sai ya ƙare ba. Na tuna wa Kawu cewa Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ya yi ladanci, an kuma bar masa Madina ya ja salla. Ya yi shiru, ya ce zai yi tunani.

Shawarar da na ba shi a ƙarshe ta kuɗi ce. Gonar ta zauna. A ware abin awon shekara-shekara, a adana duk takardun da hotunan a jaka ɗaya, domin in wata rana gwajin da ya dace da shi ya zo kusa, ko awon gado ya yi araha, su za a fara tambaya. Sauran a ja masa jari a shagon da zai iya riƙewa ko ganin ya ragu.

Kakarmu muka fara kaiwa, bayan an sha fama. Da aka kwance bandejin da safe ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai, angona, ashe haka ka yi furfura? Da na sani da ban yarda an buɗe ba."

Ido na biyu sai bayan girbi. Ɗan kawun kuma an ba shi ranar awon bayan ido, Talata ta sama, an ce ya zo da ɗan rakiya don maganin buɗe ido da za a ɗiga masa zai hana shi ganin hanya har la'asar.